Yadda wutar gidanmu ta zaɓa mana kayan kwamfutar gem

Mu huɗu ne a wannan magana: biyu 'yan Bebeji, ɗaya ɗan Kiru, ɗaya daga Tudun Wada. Dukkanmu muna karatun digiri a Kano, kuma tun muna sakandare muka san juna, ba a aji ba, a gidan gem. Can muke ƙarar da kuɗin tara, mu buga ƙwallo biyu-biyu har sai mai shago ya ce mai ya ƙare a janareta.

A farkon 2024 muka yanke shawarar daina biyan kuɗin wasa. Muka ce za mu yi karo-karo, mu sayi kaya ɗaya bayan ɗaya, mu haɗa kwamfutar tebur da hannunmu, wadda za ta ɗauki gem kuma ta ɗauki aikin makaranta, tunda biyu daga cikinmu injiniyanci suke karanta, kullum suna bin layin aron laftof don yin zane. Wata takwas muka yi muna tari. Wani ya koyar da yara darasin yamma, wani ya yi ƙwadago a gonakin shinkafar rani da ke shan ruwan Tiga, wani ya sayar da tunkiyar da mahaifiyarsa ta ba shi kiwo. Mun faɗi haka ne don a san irin kuɗin da ake magana a kansu. Ba kuɗi ba ne da za a yi kuskure da su a ce bari a sake.

Lokacin ma bai yi mana daɗi ba. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Kayan cikin kwamfuta kuwa daga waje ake shigo da su, saboda haka muna tari farashi yana gudu.

Jerin kayanmu na farko daga YouTube muka kwaso shi. Masu bidiyon, mafi yawansu a Amurka da Ingila da Indiya, bakinsu ɗaya: ka ware kaso mafi tsoka na kuɗinka ga katin hoto, wato ɓangaren da ke zana duk abin da kake gani a allo, sauran kaya su biyo baya. Mu ma muka rubuta RTX 3060 a layin farko, katin kamfanin Nvidia na 2021, muka ja masa layi biyu.

Da yake a gidan ɗaya daga cikinmu a Bebeji za a ajiye kwamfutar, saboda akwai shago a ƙofar gida kuma akwai ɗan sola, sai muka kai wa Baba takardar don neman izini. Baba bai taɓa danna kwamfuta ba, amma ya shekara da shekaru yana fama da injin ban-ruwa da injin niƙa. Ya juya takardar, ya miƙo mana.

"Samari, wannan injin naku wuta nawa yake sha?"

Muka dubi juna.

"To ku je ku tambayo," in ji shi. "Ni ban taɓa sayen inji ban san cinsa ba."

Lissafin batir

Cin wuta da wat ake auna shi, kuma kowane kamfani yana rubuta na kayansa. Katin RTX 3060 shi kaɗai wat 170 ne. Ka ɗora furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, mai wat 65, ka ɗora sauran kayan ciki da fankoki da monita, sai ka ga an doshi wat 300 idan wasa ya yi zafi. Wannan ma katin matsakaici ne. RTX 4090 da masu bidiyo ke ta kambamawa wat 450 yake sha, ban da sauran kaya.

A gidan kuwa batir ɗaya ne, mai bolt 12 da amfiya 200. Idan ka ninka su, a takarda yana riƙe da wat 2,400 na awa guda. Masu haɗa sola suna gargaɗin kada a riƙa zuƙe irin wannan batir ya wuce rabi, in ba haka ba ba zai yi ƙarko ba. Saura 1,200 ke nan. Inbata ma tana cin nata kason wajen juya wutar, sai mu ce abin da ya rage bai wuce 1,000 ba. Kwamfuta mai shan wat 300 za ta cinye wannan cikin awa uku da 'yan mintoci. Daga nan babu fanka a ɗakin Baba, babu fitila a tsakar gida, babu cajin wayar kowa. Wanda ya san gidan Bahaushe ya san a daren farko za a yanke hukunci, kuma ba fankar Baba za a kashe ba.

Muka sake lissafi da kwamfutar da ba ta wuce wat 120 ba har da monita. Awa takwas. Ko an bar wa gida rabin batirin, muna da awa huɗu, da rana kuma faifan sola yana ɗauke nauyin kai-tsaye.

Janareta fa? Ƙaramin nan mai ƙara da ake haɗa masa fetur da baƙin mai bai cika wuce wat 650 ba, wutarsa tana hawa tana sauka, kuma tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 babu ɗalibin da zai ce zai riƙa tayar da janareta don ya buga ƙwallo. Wutar layi kuma, duk mutumin yankinmu daga Bagauda har Doguwa ya san ba a yin alƙawari da ita. Abin dariyar shi ne madatsar Tiga tana nan a ƙaramar hukumarmu tun shekarun 1970, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa iya ganinka, amma mu lissafin batir muke yi.

Ranar muka soke layin farko na jerinmu. Ɗan Kiru bai yi mana magana ba har kwana biyu.

Ƙwaƙwalwa mai ɗauke da nata katin

Akwai furosesa da ake ƙerawa da ɗan ƙaramin katin hoto a cikinta. Wadda muka tsaya a kai ita ce Ryzen 5 5600G ta kamfanin AMD, ta shekarar 2021. Ƙwayoyi shida gare ta, wat 65 aka rubuta mata, kuma sabuwa tana zuwa da fankarta a kwali. Harafin G na ƙarshe shi ne alamar tana da sashen hoto. A kula sosai, domin akwai Ryzen 5 5600 marar G, wadda idan ka haɗa ta ba tare da katin hoto ba allo ba zai nuna komai ba. A wajen Intel kuma abin a juye yake: harafin F, kamar a i5-12400F, shi ke nuna babu sashen hoto. Harafi ɗaya yana iya mayar da kai Kano, tafiyar sama da awa guda, da kuɗin mota zuwa da dawowa.

Ba za mu yi wa kowa ƙarya ba, wannan ƙwaƙwalwa ba ta kai katin hoto na gaske ba. Sabbin manyan wasanni sai an rage musu kyau sosai, wasu ma ba sa tafiya yadda ake so. Amma kafin mu biya sai da muka zauna muka rubuta wasannin da muke bugawa da gaske, ba waɗanda muke kallon wasu suna bugawa ba. Sai ga su 'yan kaɗan: eFootball na kamfanin Konami, wanda a da muka sani da PES kafin a sauya masa suna a 2021, ƙwallon kamfanin EA, wadda ta daina amsa sunan FIFA a 2023, da Euro Truck Simulator 2, wasan tuƙin tirela na 2012, wanda ɗan Tudun Wada ke iya kwana a kai. Mun sha ce masa ya je Kwanar Ɗangora ya nemi aikin yaron mota, a can har biyansa za a yi. Duk waɗannan suna tafiya a kan 5600G idan ba ka ɗaga musu kyau sama ba. Manhajar zanen injiniyoyinmu ma tana tafiya.

Da ka zaɓi furosesa, ita za ta zaɓa maka madabod, wato babban faifan da komai ke hawa kansa. Kowace furosesa da irin mazauninta. Mazaunin 5600G sunansa AM4, ya fito tun 2016, kuma AMD ta sako sabon mazauni, AM5, a 2022. Wani zai ce me ya sa muka sayi tsohon yayi? Saboda AM5 ba ya karɓar ram sai sabon samfurin DDR5, shi kuwa AM4 yana aiki da DDR4, wanda a lokacin ya fi araha kuma ya fi samuwa a Kano, sabo da na hannu. Madabod masu lamba A520 da B550 da B450 duk AM4 ne. Sai dai B450 ta girmi 5600G, don haka wadda ta daɗe a shago tana iya ƙin tashi sai an sabunta mata manhajar BIOS. Mun sa mai shago ya ɗora furosesar ya kunna a gabanmu kafin mu ƙirga kuɗi.

Ram shi ne teburin da kwamfuta ke baza aikin da take yi a lokacin. Gigabait 16 muka saya, amma ba sanda ɗaya ba, sanda biyu masu takwas-takwas. Wannan ba ado ba ne. Sashen hoton da ke cikin 5600G ba shi da nasa ram, daga na kwamfutar yake ara, kuma sanda biyu suna buɗe masa hanya biyu maimakon ɗaya. Mun gwada da kanmu: muka zare sanda ɗaya muka kunna ƙwallo, 'yan wasa suka fara tafiya suna tsayawa kamar masu ciwon ƙafa. Idan madabod ɗinka rami huɗu gare ta, duba littafinta, yawanci rami na biyu da na huɗu ake sakawa.

A kasuwa

Sau uku muka shiga Kano saboda kaya. Mun zaga Titin Beirut, inda shagunan kwamfuta suke jere, mun leƙa Farm Centre, ko da yake can waya ta fi yawa, mun kuma tambayi farashi ta waya daga Computer Village da ke Ikeja a Legas don mu san inda ciniki zai tsaya. Mun haɗu da 'yan kasuwa masu gaskiya da suka hana mu sayen abin da ba ma buƙata. Amma kasuwa kasuwa ce, wanda ya shiga da ido rufe shi ya so.

Tarko na farko shi ne kalmar "i7". Yaro yana jin an ce i7 sai ya ɗauka ya gama. Lambar da ke biye ita ce magana. A i7-3770, ukun farko yana nufin zubi na uku, na shekarar 2012. A i3-12100 kuwa sha biyun farko zubi na sha biyu ne, na 2022, kuma wannan i3 ɗin ta fi waccan i7 ɗin gudu nesa ba kusa ba. Akwai wani dalilin kuma: Microsoft ta sa ranar 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar daina kula da Windows 10, ita kuma Windows 11 a hukumance ba ta karɓar furosesar Intel da ke ƙasa da zubi na takwas. Yawancin kwamfutocin ofis na hannu da ake jibgewa da araha zubi na huɗu zuwa na bakwai ne.

Ba muna cewa kwamfutar ofis ta hannu ba ta da amfani ba ne. Wanda kuɗinsa bai kai ba zai iya sayen Dell OptiPlex ko HP EliteDesk mai zubi na takwas, ya ƙara mata ram, ya sa mata ƙaramin kati irin GTX 1650, wanda wat 75 kawai yake sha kuma yawancinsa ba ya neman wata wayar wuta ta daban. Hanya ce mai kyau, daidai ruwa daidai tsaki. Sai dai a auna akwatin, domin sirara daga cikinsu ba sa ɗaukar kati mai tsayi, kuma akwatin wutarsu na musamman ne, ba kowane ake iya musanya shi da shi ba.

Tarko na biyu ya fi daɗin gani. A wani shago aka nuna mana RX 580 mai gigabait takwas, a farashin da ya sa ɗan Kiru ya fara murmushi. Katin AMD ne na 2017, kuma a zamaninsa ya yi suna. Dalilin arahar shi ne, shekaru da dama masu haƙar kuɗin intanet na Ethereum sun yi ta sayen irinsa suna kunna shi dare da rana. A watan Satumban 2022 Ethereum ta sauya tsari, haƙa da katin hoto ta daina aiki a kanta, sai aka zubo katunan kasuwannin duniya, wasu an wanke su an sa musu sabon kwali. Wani yana da sauran rai, wani saura ƙiris. Ko lafiyayye ne ma, wat 185 yake sha, ya zarce RTX 3060 ɗin da muka soke. Akwai kuma na jabu, tsohon kati da aka sauya wa suna a manhaja ya riƙa nuna kansa a matsayin sabo.

Maganin duk wannan filasha ce guda ɗaya. Kafin ka tafi kasuwa ka zuba mata manhajojin gwaji na kyauta: CPU-Z tana faɗin ainihin furosesa da ram, GPU-Z tana faɗin ainihin kati, CrystalDiskInfo tana nuna awa nawa ma'aji ya yi yana aiki da lafiyarsa, FurMark kuma tana matsa wa kati lamba har ya nuna halinsa. Ka nemi a bar shi ya yi minti goma sha biyar zuwa ashirin yana aiki, kana kallon zafinsa da allon, ko zai yi ɗigo-ɗigo ko ya ɗauke. Mai shagon da ya ƙi a gwada ya riga ya ba ka amsa. Ka kuma karɓi rasit mai lambar jikin kayan da adadin kwanakin da aka yarda ka dawo da shi, a rubuce, ba da baki ba.

Inda muka yi asara

Duk wannan wayon da muke faɗi, sai da muka faɗa rami, kuma a kan abin da Baba ya fara tambaya.

Fawa-fak shi ne akwatin da ke karɓar wutar bango, mai bolt 230, ya mayar da ita ƙananan wutar da kayan ciki ke sha. Ba ya ƙara wa wasa kyau ko gudu, shi ya sa yara ke raina shi. Da muka zo kansa kuɗi sun ja baya, sai muka ga wani akwatin kwamfuta mai fitilu kala-kala da aka ce da fawa-fak ɗinsa a ciki, kyauta. An rubuta wat 500 a jikinsa, babu sunan kamfanin da muka sani, kuma da ka ɗaga shi ka ji shafal kamar gwangwanin madara. Muka ce ai kwamfutarmu ko wat 150 ba ta sha, me zai faru?

Sati uku ya yi. Wani dare cikin damina aka kawo wutar layi, muka mayar da kwamfutar kanta don batir ya huta. Wutar ta yi ƙasa, ta dawo da ƙarfi, muka ji ɗas, sai warin ƙonewa. Kwan fitilar shagon ma ya tafi. Fawa-fak na kirki yana da kariyar da ke yanke wuta idan ta wuce ƙima, ya mutu shi kaɗai in ta kama. Namu bai tafi shi kaɗai ba, ya ja madabod. Allah Ya taimake mu furosesa da ram da ma'aji suka tsira.

Ba wanda ya yi magana a shagon sai ƙanin mai gidan, ɗan aji biyar na sakandare, da ya leƙo ya ce, "Yaya, tunkiyar ce ta ƙone?"

Sai da muka ƙara wata guda muna tari kafin mu sayi wata madabod da fawa-fak na gaske. A wannan karon mun nemi mai sunan kamfani sananne, mai nauyi a hannu, mai tambarin 80 Plus, wanda ke nufin aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ya ja tana isa ga kayan ciki, ba ta tashi a zafi ba. Ga mai batir wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tambarin ma ana buga na ƙarya, don haka a duba lambar samfurin a shafin kamfanin. Mun ɗauki mai wat 550, ba don muna shan haka yanzu ba, sai don ranar da za a ƙara kati. Araha ba ta ado, mun ji a jikinmu.

Mun kuma koyi abu uku game da bangon da muke jona kwamfutar. Na ɗaya, wutar layi ba ta shiga kwamfutarmu sai ta bi ta sitabilaiza. Na biyu, inbata iri biyu ce: akwai mai ba da wuta sumul irin ta layi, wadda masu sola ke kira fiyo-sayin, akwai mai araha da wutarta ke tafiya da tsalle-tsalle. Fawa-fak na zamani yana iya yin ƙugi ko ya riƙa ɗaukewa a kan ta biyun. A tambayi wanda ya haɗa solar gidan kafin a sayi komai. Na uku, gidaje da yawa a garuruwanmu an ja musu wuta ba tare da wayar ƙasa ba, shi ya sa za ka taɓa akwatin kwamfuta ka ji yana ɗan jan hannu. Mun kira mai gyaran wuta ya kafa ƙarfe a ƙasa ya ja waya zuwa soket ɗin shagon. Idan hadari ya haɗo kuma ana walƙiya, ba kashewa kawai muke yi ba, zare filogi muke yi gaba ɗaya.

Ƙura da zafi

Akwatin mai fitilu bai ƙone ba, amma shi ma mun gane ba don ƙasarmu aka yi shi ba. Gabansa gilashi ne, iska ba ta samun hanya. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, kwamfuta tana fara aiki ne da iskar da ta riga ta yi zafi. Ita 5600G iyakarta digiri 95, idan ta kusa nan sai ta rage gudu da kanta don kada ta lalace, kai kuma ka ga wasa yana sarƙewa ka rasa dalili. Da za mu sake saye, akwati mai raga a gaba za mu ɗauka, da fanka biyu masu jawo iska ciki, ɗaya mai fitarwa ta baya. Fitilu ba sa sanyaya komai.

Hunturu kuma da nasa. Cikin sati biyu ƙura take toshe fankar furosesa ta koma kamar bargo. Mun ɗaga kwamfutar daga ƙasa muka ɗora a tebur, muka sa mata ragar tace ƙura, muna rufe ta da zani idan an kashe, kuma duk sati biyu muna fitar da ita waje mu hure ta da abin hura iska na masu gyaran waya, muna riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa. Wanda zai haɗa tasa a hunturu ya kula da wannan wutar da ke ɗan tartsatsi idan ka taɓa ƙofar mota ko ka cire rigar sanyi. Busasshiyar iska ce ke kawo ta, kuma tana iya kashe ram ko madabod ba tare da ka ga komai ba. Ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa kowane kaya, kada kuma ka yi aikin a kan darduma ko katifa.

Haɗawar kanta ba ta kai yadda muke tsoro ba. Sukundireba ɗaya, littafin madabod, da yamma guda. Wuri ɗaya ne hannunmu ya yi rawa, wajen ɗora furosesa, domin ta AM4 ƙafafunta sirara ne kamar gashi kuma a jikinta suke. Akwai ɗan alama mai kusurwa uku a gefenta da za a daidaita da na mazaunin, sai ta zauna da kanta. Idan ka ji kana dannawa, ka tsaya, ba daidai take ba.

Ma'aji muka sa SSD irin NVMe mai gigabait 512, ɗan siriri kamar cingam, wanda ke tayar da Windows cikin daƙiƙoƙi. Mun so terabait ɗaya, aljihu ya ƙi. Ashe ma ba wurin ajiya ba ne babbar matsalar, data ce. Kamfanin EA yana neman a ware wa wasan ƙwallonsa na 2023 gigabait 100 a ma'aji, sannan ga sabuntawa da ke zuwa ba sallama. A watan Janairun 2025 kuma hukumar NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Duk wanda zai yi kasafin kwamfutar gem ya sa kuɗin data a ciki tun farko, kamar yadda mai sayen babur ke sa kuɗin mai. Wasannin sata da ake turawa a filasha kuwa mun guje su, domin ta nan cutar kwamfuta ta fi shiga, kuma a kwamfutar nan ayyukan makarantar mutum biyu suke. eFootball kyauta ake sauke shi, wasan tirela kuma mun jira lokacin da dandalin Steam ke karya farashi.

Kwamfutar ta tashi a karo na biyu a farkon Oktoban 2024. Ba a yi sati uku ba Arewa ta faɗa duhu, bayan an lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, sannan layin da ke biyowa ta Benuwai shi ma ya samu matsala. Kano da maƙwabtanta suka yi kwanaki babu wuta. A birni wani abokin karatunmu mai kati babba ya rufe tasa da tawul ya koma buga gem a waya. A shagonmu na Bebeji kuwa, da rana faifan sola na riƙe da kwamfutar, da magariba mu kashe ta a bar wa gida batir. Wannan ita ce yarjejeniyar da muka yi da Baba, ita da wata: duk safiyar Asabar da Lahadi kwamfutar ta ƙannenmu ce, mata da maza, su koyi riƙe linzami da amsa tambayoyi a allo, tunda jarrabawar JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, kuma da yawa daga yaran yankinmu ranar jarrabawar ce ranar farko da suke zama gaban kibod. Yanzu har 'ya'yan maƙwabta suna zuwa, ƙanwar mai gidan ce ke rubuta sunaye a littafi tana raba musu minti ashirin-ashirin.

A jikin madabod ɗin akwai dogon rami guda da har yau babu komai a cikinsa, mazaunin katin hoto. Mun sake fara karo-karo. Ɗan Kiru yana son RX 6600, katin AMD na 2021 mai wat 132, ya ce ya yi lissafi, fawa-fak ɗinmu zai ɗauka. Ɗan Tudun Wada ya ce a fara ƙara batir na biyu da faifan sola guda, in ya so kati ya biyo baya baɗi. Mu biyun Bebeji mun rabu, ɗaya nan ɗaya can. Mun kai maganar gaban Baba ranar Juma'ar da ta wuce bayan an sauko daga masallaci. Ya saurare mu har muka gama, sannan ya ce a kawo masa lissafin kowanne a rubuce, da wat ɗinsa da awanninsa, kafin hutu ya ƙare.